Ƙofar Gareji: Mai Naɗewa ko Mai Turawa?

Tambaya: Malam, ina gini a Tudun Wadan Zariya. Ƙofar gareji mai naɗewa sama zan sa ko mai turawa gefe?

Amsa: Alhaji, in ka bi tawa, mai turawa. Mai naɗewa ƙarfinta duk a sifirin yake, ranar da ya tsinke mota ta kwana ciki. Katako kuwa kar ma ka soma, gara ce za ta yi biki. Sa mai walda ya yi maka da farantin ƙarfe mai kauri, ya fara shafa jan fentin hana tsatsa kafin damina. Tawa a Samaru, ƙurar hunturu ta taɓa cike layin da tayoyin ke bi har ta cije. Tsintsiya da ɗan giris suka raba mu.