Amsa kan tashi da ƙaramin jirgi daga Damagaram zuwa Agadas

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya kamata matuƙin ƙaramin jirgi ya tanada kafin ya kama hanyar Agadas daga Zinder, wato Damagaram. A ganina, yanayi ne abu na farko. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan rufe sararin sama har mutum ya kasa hango ƙasa, don haka ka karɓi bayanin yanayi daga ma'aikatan ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jiragen sama, kuma idan hazo ya yi kauri ka haƙura da tafiyar.

Zafin Afrilu da Mayu ya fi tayar mini da hankali, domin idan ya haura digiri 40 iska takan yi shara-shara, injin ya rasa ƙarfi, jirgi ya ci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Ka rage kaya, ka tashi da sassafe.

Kafin ka hau, ka tsiyayi ɗan mai daga ƙasan tanki cikin kwalba, ka ɗaga ta ga haske. In akwai ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa. Ka miƙa takardar shirin tafiya, ka ɗauki ruwan sha na kwanaki, sannan ka riƙe mitar rediyo ta neman agaji, wato megahertz 121.5.