Kafin ka fesa wa taga mai

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce mai gidan nan na Abhur, unguwar bakin teku a Jidda, ya kira, tagoginsa masu zamewa sun yi nauyi sai an sa ƙarfi, firam ɗin alminiyum kuma ya fito da fararen ɗigo-ɗigo. Ka ce a sabon ginin Hamdaniyya magina sun yayyafa wa tagogin PVC, wato na roba mai tauri, siminti. Kana tambaya ko ka fesa wa na farko mai, na biyu kuma ka sa masa tina, ruwan tsinka fenti, ko ruwan asid ɗin da masu tayil ke wanke ƙasa da shi. Mai da tina da asid, duka ukun ka bar su a warsha, wato shagon aikinmu. Yawancin tagogin da ake kiran mu gyara a garin nan ba tsufa ya kashe su ba, abin da aka wanke su da shi ne.

Fara da nauyin. Tagar sahhab, wato mai zamewa, a kan ƙananan tayoyi biyu take tafiya, mafi yawansu na roba mai tauri, a cikin hanyar da ke ƙasan firam. Ƙurar Jidda yashi ce mai laushi, tana shiga hanyar nan ta kwanta. In ka fesa mai a kanta za ta yi sul a gabanka, mai gida ya ji daɗi ya ba ka na shayi. Kafin wata ya zagayo man ya haɗu da yashin ya zama kwaɓi, shi ne zai riƙa cin taya yana cin bakin alminiyum a duk buɗewa da rufewa. Don haka aikin farko a bushe ake yin sa. Buroshi mai ɗan tauri, na'urar zuƙe ƙura in akwai a gidan, tsohon buroshin haƙori don lunguna. Sai yashi ya fita tas kafin ruwa ya taɓa wurin. Hanyar taya kuwa, bayan an wanke an goge, a bushe ake barin ta.

In ka share amma nauyin na nan, ciro ganyen tagar, wato ɓangaren da ke zamewa: ɗaga shi sama, jawo gindinsa cikin ɗaki. Kada ka yi wannan kai kaɗai in gilashi biyu ne. Lissafin ba wuya, kowace milimita ɗaya ta kaurin gilashi kilo 2.5 ce a murabba'in mita. Gilashi biyu masu milimita 6 kowanne kilo 30 ke nan, ƙofar baranda mai faɗin mita ɗaya da tsayin mita biyu ta kai kilo 60 ban da firam. A bene kuma, duk abin da za ka yi ka yi shi daga ciki, ban yarda ka leƙa da rabin jikinka waje don goge gilashi ba. Juya tayar da yatsa. In ta yi gefe ɗaya a baje ko ta ƙi juyawa, ta mutu, a canza, kuma biyun tare ake canzawa ko da ɗaya ce ta lalace. In lafiyarta ƙalau, wataƙila ganyen ne ya sauka yana jan ƙasa. Akwai sukuru a gefen gindinsa da ke ɗaga taya ko sauke ta, juya shi kaɗan-kaɗan har ganyen ya daidaita da firam.

Mai yana da wurinsa: cikin makulli, hinji, da ƙarafan da ke zagaye tagar da ake kwantarwa ta sama, wadda Larabawa ke ce wa gallab. Ɗigo kaɗan na mai marar kauri ko feshin silikon, sau ɗaya ko biyu a shekara, ka goge rarar da tsumma. WD-40 na kwance sukurun da ya cije ne, ba na bari a jikin taga ba. Kuma ka kiyaye baƙar robar da ke riƙe gilashi da wadda ke toshe iska. Man da aka samo daga fetur, har da giris da basilin, kumbura ta yake yi ta saki. Ruwan sabulu ya ishe ta, sai ɗan silikon a tsumma don kada rana ta busar da ita ta tsattsage.

Tun da ka ciro ganyen, duba ƙananan ramukan da ke gindin firam ta waje. Da gangan aka huda su. Babu tagar sahhab da ruwa ba ya shiga hanyarta, dabarar ita ce ya samu mafita. A nan ana iya yin wata da watanni ba ɗigon ruwan sama, ramukan su toshe da ƙura ba wanda ya lura, wani lokaci ma mai gadin gini ya ga rami ya ɗauka kuskuren maƙera ne ya cika shi da silikon. Sai ranar da sama ta buɗe, irin ta 25 ga Nuwamba 2009 ko ta 24 ga Nuwamba 2022, ruwa ya cika hanyar ya malalo ta bango zuwa kan kafet, a ce mai taga bai iya aiki ba. Zura siririn tsinke ko waya mai laushi ka buɗe su, sannan ka zuba kofin ruwa a hanyar ka ga ya fita ta waje. Ka yi wannan a gaban mai gida, ya gani da idonsa, don gobe shi zai hana a toshe. Ragar sauro ma ka ciro ta ka wanke a kwance, in ta yage ka faɗa masa a canza. Zazzaɓin dengi yana garin nan tun 1994, raga ba ado ba ce.

Yanzu fararen ɗigon nan, inda nake so ka nutsu. Alminiyum ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, shi ya sa masu sayarwa ke ce wa mutane ba ya bukatar kulawa, maganar da ba gaskiya ba ce a bakin teku. Abin da ke kare shi fata ce a samansa. Wanda aka yi wa anodayiz, mai launin azurfa ko ruwan tagulla, kaurin fatarsa tsakanin maikiron 10 zuwa 25 ne, bai kai kaurin gashin kai ba. Mai fentin gari da ake gasawa a tanda yakan kai 60 zuwa 80. Iskar Bahar Maliya tana ɗauko gishiri, gishirin ya zauna cikin ƙurar da ke kan firam, raɓar dare ta jiƙa shi, rana ta busar, gobe a sake. A ƙasashen da ake ruwa akai-akai sama ce ke wanke musu. Mu ba mai wanke mana. Duk inda fatar ta sami rauni, nan gishiri zai huda ya yi ɗan rami, farin garin da kake gani shi ne alminiyum ɗin da ya ci. Tagar da za ta daɗe lafiya a Makka, inda iska take a bushe, irinta ɗaya a Abhur sai ta riga ta tsufa, alhali tafiyar wajen awa ɗaya ce a mota tsakaninsu.

Gwada da jiƙaƙƙen tsumma. In farin ya tafi wurin ya yi sumul, gishiri ne kawai, an yi sa'a. In ka bi da farce ka ji ya maƙale, rami ne, kuma babu sabulun da ke cike rami. Faɗa wa mai gida gaskiya: za mu tsayar da cin, ba za mu mayar da ita sabuwa ba. Ka kuma lura ko ɗigon ya fi taruwa a kewayen sukurori. In haka ne, wataƙila an ɗaura ta da sukurun baƙin ƙarfe, shi da alminiyum ba sa zama lafiya in ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu. Canza su da na sitil marar tsatsa.

Wankin kansa ba wani sirri. Ruwa mai ɗumi, ɗan sabulun wanke kwanuka, soso mai laushi, ɗauraya da ruwa mai kyau, a goge ya bushe. Ɗaurayar ita ce rabin aikin, mutane kuma ita suke tsallakewa. Gidan da ke kallon teku, a ganina kada ya wuce wata biyu zuwa uku ba a yi ba, na cikin gari sau biyu a shekara da kuma bayan kowace guguwar ƙura. Soson ƙarfe da sanfefa haramun ne a kan firam: suna kankare fatar, soson ƙarfe kuma yana barin ɓurɓushinsa ya yi tsatsa a kai. Haka soda, maganin wanke tanda, bilic, da na wanke bayan gida. Ka ce wa mai gida ya isar da wannan ga masu aikin gidansa, don su ke riƙe da kwalaben, ba shi ba. In fentin ya koɗe har yana barin gari a tafin hannu, rana ce ta ci samansa. Bayan wanki a shafa masa kakin goge mota marar yashi, zai ɗan farfaɗo.

Na Hamdaniyya kuma. Ka taɓa ganin yadda mai famfo ke haɗa bututun PVC? Gam ɗin nan narkar da fuskar bututun yake yi su manne. Abin da tina da asiton za su yi wa fuskar tagar ke nan. Za ta yi fari fat a ranar, amma santsinta ya tafi, daga nan duk ƙurar da ta sauka ta samu wurin kamawa, kuma ba gyara. Asid shi ba PVC ɗin ya fi cutarwa ba, ƙarafan yake bi: hinji, makulli, sukurori, da ƙarfen da ke cikin firam yana riƙe shi a miƙe. Ko tururinsa kaɗai ya isa ya sa su tsatsa, shi ya sa nake faɗa da masu tayil in sun wanke ɗaki da shi tagogi a rufe. Siminti haƙuri yake so. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai, ka je ka yi wani aikin, ka dawo ka ƙara jiƙawa, sannan ka ture shi da katako ko roba mai faɗin baki. Kada ka murza shi a bushe, yashin cikinsa zai zana firam da gilashi. A kan gilashi za ka iya sa sabuwar reza, a jiƙe, a kwance, tura gaba kawai ba komowa, amma ban da fuskar da aka yi wa rufin hana zafi. Da alminiyum ne simintin ya zauna a kai, da tabon ya zauna har abada, don ɗanyen siminti cin fatarsa yake yi. A nan PVC ya fi shi jimiri.

Ledar da kamfani ke manna wa firam, in magina sun gama, cire ta a ranar. Ranar ƙasar nan tana gasa gam ɗinta ya kama jiki. In ta riga ta kama, ɗumama ta da na'urar busar da gashi, daga nesa, kana ja a hankali. Ban da bindigar zafi ta masu fenti, PVC yana fara laushi wajen digiri 80.

Akwai abu biyu da za a kira ka a kansu a PVC waɗanda ba datti ba ne. Na farko rawaya. In farin firam ya koma ruwan ƙwai ko'ina ta gefen rana, an yi shi ne don sanyin Turai, sinadarin da ke kare shi daga rana bai isa ba. Ma'aunin Turai na EN 12608 ya raba su biyu, M na matsakaicin yanayi, S na mai tsanani. Mu S muke nema tun wurin saye, kuma wanki ba ya mayar da M ya zama S. Na biyu, tagar da ke buɗewa lafiya da safe ta cije da la'asar. Zafi ne ke miƙa ta. Kowace mita ta PVC tana ƙaruwa da kusan milimita 0.07 a kowane digiri, ninki uku na alminiyum. Firam mai mita biyu, in zafin jikinsa ya tashi da digiri 40, ya ƙaru da sama da milimita 5. A hajjin 2024 an auna 51.8 a Makka, ka ƙiyasta jikin firam mai duhun launi da ke fuskantar yamma. Kada ka yarda ka fere gefenta. Alanki, ɗan sifanan nan mai kusurwa shida, za ka sa a hinji ka matsar da ganyen kaɗan, ka gwada ta da safe, ka sake gwadawa da rana.

Gilashi a wanke shi da sassafe ko bayan inuwa ta sauko ɓangaren. A cikin rana sabulu ke bushewa kafin ka ɗauraye, ya bar zane. Ruwan tankar wayit, motar da ke kawo ruwa gida, wani lokaci yana barin farin tabo. Khal, wato binega, rabi ruwa rabi yana ɗauke shi, amma a gilashi kaɗai, kada ya zuba a dakalin marmara.

Silikon da ke tsakanin firam da bango, in ya tsage, yanke shi gaba ɗaya ka share wurin, sabo ba ya kama tsoho. Shinshina kafin ka saya kwali guda: mai warin khal ba ya riƙe siminti da kyau kuma yana taɓa ƙarfe, ka nemi wanda aka rubuta na waje ne, marar wannan warin.

In ka isa Abhur za su iya nuna maka gumi a gilashi, musamman yanzu da damshi ya yi yawa na'urar sanyaya ɗaki kuma tana aiki dare da rana. Sa yatsa. In ka goge shi ta waje ya tafi, ba komai, sanyin ciki ne ya haɗu da laimar waje. In ka goge ciki ka goge waje yana nan, to yana tsakanin gilasan biyu ne, gam ɗin da ya rufe bakinsu ya buɗe, garin da ke shan laima a cikin sandar tsakiya ya ƙoshi. Wannan ba a wanke shi, kuma kada ka bari wani ya ce a huda. Gilashin kaɗai ake canzawa, firam na nan. Cire sandunan da ke riƙe shi ta ciki, ka auna faɗi da tsayi a wuri biyu-biyu, ka auna kaurinsa duka, galibi za ka samu 6 da 12 da 6, wato milimita 24. Duba kusurwa ko akwai tambarin sikurit, wato gilashin da aka gasa. In akwai, ka sake awon kafin ka turo mini, don gilashin da aka gasa ba ya yankuwa.