Harajin Kwastan a Kan Kayan Waje: Shi Ne Maksun Da Aka Haramta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibin tattalin arziki ne. A aji ana ce mana ƙasashe masu tasowa ba za su ci gaba ba sai sun buɗe iyakokinsu ga cinikin duniya, wasu malaman kuma su ce sai sun kare masana'antunsu da harajin kwastan. Na kuma ji mai wa'azi yana cewa duk harajin da ake karɓa a kan kaya maksu ne, mai karɓarsa ɗan wuta ne. Shin ya halatta ƙasar Musulmi ta ɗora shi? Shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kuma fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ciniki da waɗanda ba Musulmi ba halal ne, ba sai mun tsaya a kansa ba. Allah ya yi wa Ƙuraishawa gori da fataucin hunturu da na bazara, wato Yaman da Sham, kuma Annabi (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir, kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Maganar maksu ita ce mai bukatar natsuwa. Gaskiya ne babban zunubi ne. A hadisin Muslim, da aka tsai da haddi a kan matar nan Bagamidiya da ta amsa laifin zina, Annabi (SAW) ya ce ta yi tubar da ko mai karɓar maksu ya yi irinta da an gafarta masa. Amma hadisin da ke cewa mai maksu ba zai shiga Aljanna ba, malamai sun yi magana a kan isnadinsa. To mene ne maksun? Shi ne mutum ya tare hanya ko bakin kasuwa ya ƙwaci dukiyar 'yan kasuwa ba da wani haƙƙi ba, ta tafi aljihunsa ko aljihun ubangidansa. Illar haramcin zalunci ce.

Da duk abin da ake karɓa a kan iyaka haramun ne, da Sayyadina Umar bai karɓa ba. Abu Musa al-Ash'ari ya rubuta masa cewa fataken Musulmi ana karɓar musu ɗaya cikin goma idan sun shiga ƙasar abokan gaba, sai Umar ya ce a karɓi irinsa daga fatakensu. A kan 'yan amana, wato waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin daular Musulunci, ya sa ɗaya cikin 20, a kan Musulmi ɗaya cikin 40, wanda zakka ce. Ruwayar da na fi so ka riƙe ita ce ta Imamu Malik a Muwaɗɗa: Umar yana karɓar rabin ushiri kawai, wato ɗaya cikin 20, daga Nabaɗawa, wasu fatake da ba Musulmi ba, a kan alkama da mai, don ya jawo su su yawaita kawo su Madina, amma a kan dangin wake yana karɓar ushiri cikakke. Ka duba da kyau. Fatake ɗaya, hanya ɗaya, amma kuɗin fito iri biyu, gwargwadon abin da gari ke bukata. Abin da ake koya muku yau da zane-zane a allo, ga shi Halifa ya aikata.

Saboda haka hukuncin yana bin maslaha, shugaba zai iya ɗagawa ko ragewa ko yafewa. A zamaninmu maslahar a fili take a wasu wuraren. Ɗauki auduga. Manomi a Mali ko Burkina Faso ya yi noma da guminsa, ya kai kasuwar duniya ya tarar farashi ya faɗi, saboda takwaransa na Amurka gwamnati na cika masa abin da ya rasa. Wannan ne ya sa Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kuka taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun ta ƙasar Meziko a 2003, Brazil kuma ta kai Amurka ƙara gaban ƙungiyar ta yi nasara a 2004. Ƙasar da ake jibge mata kaya a ƙasa da kuɗin da aka kashe wajen yin su har masaƙunta su mutu, idan ta sa shinge ta yi aiki ne da ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa". A Muwaɗɗa ɗin ma an ruwaito Umar ya iske Haɗib bin Abi Balta'a yana karyar da farashi a kasuwa, ya ce masa ya ƙara ko ya tashi. Amana ce in faɗa maka cewa Imamu Shafi'i ya ruwaito Umar ya janye wannan umarni daga baya, don haka ba na dogara da ita ita kaɗai.

Sai dai kada wani mai mulki ya ɗauki wannan fatawa ya yi mayafi da ita. Malaman da suka halatta haraji bayan zakka, irin su Gazali da Shaɗibi, sun gindaya sharuɗɗa: bukata ta gaskiya, adalci wajen ɗorawa, da kashe kuɗin a kan jama'a. Izzuddin bin Abdussalam ya ce wa Sarki Ƙuɗuz na Masar, ana shirin tarar mayaƙan Tatar a 1260, kada ya taɓa dukiyar talaka sai manyan fadawa sun fara fitar da abin da ke hannunsu. Koriya ta Kudu ta kare masana'antunta a shekarun 1960 da 1970, amma kamfanin da bai fitar da kaya waje ba ya rasa gatan. Inda kuwa aka rufe iyaka don wasu 'yan lele su sayar da kaya marasa kyau da tsada shekara da shekaru, ko aka tsawwala a kan magani da abin da talaka ba ya rayuwa sai da shi alhali ba a yin sa a gida, wannan ya koma maksu ko da an rubuta shi a dokar ƙasa.

Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta gaji yarjejeniyar GATT ta 1947 kan harajin kwastan da ciniki, ta fara aiki a farkon 1995, shiga cikinta yarjejeniya ce, asalin yarjejeniya kuwa halacci ne. Saudiyya ma ta shiga a 2005. Abin da ke kan shugaba shi ne ya tura waɗanda suka san kan abin, su keɓe kayan da shari'a ta haramta, su kuma riƙe sassaucin da dokokin ƙungiyar suka ba ƙasashe masu tasowa. Idan an sa hannu, cikawa wajibi ce, domin Allah ya ce: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura."

Ma'aikacin kwastan da ya karɓi abin da doka ta yanka ya zuba a baitulmali, albashinsa halal ne. Wanda ya karɓi na goro don ya kau da kai, ko ya tsare kayan ɗan kasuwa sai an ba shi wani abu, shi ne mai karɓar maksun da hadisin Muslim ke nufi. Ɗan kasuwa kuma bai halatta ya yi ƙarya a takardar kaya ko ya bi ta fasa-ƙwauri ba, ko da yana ganin kuɗin ya yi yawa; hanyarsa ita ce ya kai koke ta ƙungiyarsu.

Wallahu a'alam.