Wa ya fito da jifa da hannu ɗaya a ƙwallon kwando?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ne suka fito da jifa da hannu ɗaya. A'a, abin ya girmi NBA ɗin kanta. Sunan da za ka riƙe shi ne Hank Luisetti, ɗan wasan Jami'ar Stanford, haifaffen San Francisco a 1916, iyayensa 'yan asalin Italiya.

A zamaninsa, mai jifa daga nesa sai ya tsaya cak, ƙafa biyu a ƙasa, ya tura ƙwallo da hannu biyu. Shi kuwa Luisetti yana cikin gudu zai sake ta da hannu ɗaya, salon da ya koya tun yana ƙarami yana wasa da yaran da suka fi shi tsawo. Na daɗe ina horar da yara, kuma ina ganin haka a fili: gajeren da aka yi ta tare wa ƙwallo shi ke fara neman dabarar sakinta da wuri, dogon kuma sai an tilasta masa.

Ranar 30 ga Disamba 1936 Stanford ta je zauren wasa na Madison Square Garden a New York, ta doke Jami'ar Long Island da ci 45 da 31, bayan waɗancan sun yi wasa 43 a jere ba a ci su ba. Maki 15 kawai Luisetti ya ci, amma a gaban 'yan jaridar New York ya ci su. Masu horarwa na gabashin Amurka sun yi ta gunaguni, yara kuwa suka ɗauka. A farkon 1938 ya zura maki 50 shi kaɗai a wasansu da Jami'ar Duquesne.

Sai dai kar ka haɗa salonsa da jifan tsalle na yanzu. Wannan daga baya ya zo, a hannun wasu 'yan wasa irin su Kenny Sailors.

Luisetti bai taɓa buga wasan kuɗi ba. Ya ci gaba a ƙungiyoyin masu wasan sha'awa, ya shiga sojan ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu, sanƙarau ta kama shi a 1944, wasa ya ƙare. A 1959 aka sa shi cikin rukunin farko na zauren karrama gwanayen wasan, ya rasu a 2002.

In yaronka kake son koya wa, bar shi kusa da kwando tukuna, har gwiwar hannunsa ta daina buɗewa gefe.