Inuwa ce ta tona maka asiri

Na ga saƙonka na jiya bayan Isha'i. Ka ce: "Maigida, na ɗora ginin nan na Kajuru a kan dutsensa, na shimfiɗa kogin Kaduna a gabansa, na duhunta komai na liƙa wata, amma duk wanda na nuna wa sai ya ce haɗi ne. Ina na kuskure?" Da safe na buɗe fayil ɗin a Photoshop, manhajar gyaran hoto, a shago kafin a ɗauke wuta, na bi shi leya bayan leya, wato shimfiɗun hotunan da ka jera ɗaya a kan ɗaya.

Yankanka ba laifi, hannunka ya fara faɗawa. Inuwa ce ta tona maka asiri.

Dubi ginin da kyau. Da hantsi ka ɗauke shi, rana tana hannun dama, shi ya sa bangon dama ya sha haske, inuwar hasumiyar ta kwanta hagu. Kai kuma ka ɗauko wata ka rataye shi a hagu. Ke nan inuwa tana gudu wajen fitila. Kogin kuwa da la'asar ka ɗauka, haskensa ta wani gefen yake shigowa. Rana biyu da wata ɗaya a hoto guda! Mai sayar da rake a bakin Kasuwar Barci bai taɓa buɗe Photoshop ba, amma tun yana goye idonsa yake ganin yadda inuwa take kwanciya. Ba zai iya gaya maka dalili ba, zai dai ce haɗi ne, kuma ya yi gaskiya.

Saboda haka kafin ka yanke ko ganye ɗaya, ka yanke shawarar inda watan zai zauna. Daga nan kowane hoto da za ka shigo da shi sai ka tambaye shi daga ina haskensa ya zo. Wanda ya saɓa, in babu rubutu ko fuskar mutum a cikinsa, juya shi hagu ya koma dama. In ya ƙi, bar shi. Ni hotunan da nake ajiyewa don irin wannan aiki na ranar da gari ya lumshe ne, cikin Agusta, lokacin da hadari ya rufe rana inuwa ta yi laushi. Hoton tsakar rana mai baƙar inuwa a ƙarƙashin indararo, ko ka kwana kana gyara ba zai zama dare ba.

Sai yadda ka duhunta. Na ga baƙar leya ka shimfiɗa a sama ka rage mata ƙarfi. Wannan rana ce aka sa wa baƙin tabarau. Da rana sararin sama ya fi komai haske, don haka shi ake fara cirewa gaba ɗaya a sa na dare. Ƙasa kuma da Curves, abin ƙara ko rage haske, ake saukar da ita, a danne wuraren haske sosai, a bar wa duhu ɗan abin gani a cikinsa. Sannan ka rage launi. Hasken wata hasken rana ne da ya bugi wata ya dawo, ba shuɗi ba ne. Idonmu ne in haske ya yi ƙaranci yake daina rarrabe launuka, ja ya fara mutuwa, abin da ya rage ya karkata wajen shuɗi-shuɗi. To kaɗan ake sawa. Naka kamar an tsoma shi a karofi.

Bayan an kashe haske sai a mayar da shi da hannu, kuma a nan ne aikin yake. Buɗe sabuwar leya, sa ta a Screen, yanayin da yake ƙara haske ba ya duhuntawa, ɗauki buroshi mai laushi, ƙarfinsa kada ya wuce kashi 10. Bi bakin duk abin da yake fuskantar wata: kan katanga, kafaɗar dutse, saman bishiyoyi. A hankali, kamar mai shafa wa jariri mai. Taga biyu ko uku ka kunna musu fitila ruwan lemo, kada ka kunna duka, kuma ka bar hasken ya ɗan zubo a bango da ƙasa. A cikin kogi kuma ba ƙwallo ake gani ba. Ruwa mai tafiya yana kakkarya wata ya ja shi ya zama doguwar hanya mai ƙyalƙyali wadda ta nufo mai kallo.

Shi kansa watan, jinjiri ka sa, har da taurari uku a cikin cikinsa. Haba! Wata dunƙule ne, ɓangaren da ba ka gani yana nan, ya tare duk tauraron da yake bayansa. Kuma jinjirin wata bayan Magariba ake ganinsa, ƙasa-ƙasa a yamma, ba shi da hasken da zai jefa inuwa. A nan wajenmu yawanci a kishingiɗe yake kamar ƙwarya, wanda ka sauko da shi daga intanet kuwa a tsaye yake ƙyam. In jinjirin kake so, sa masa Zara a gefe, ka bar fitilun taga su ɗauki nauyin hoton. In hasken da zai wanke dutse kake so, sai watan daren sha huɗu, amma ka rage taurarin, don farin wata yana cinye ƙananansu. Girma kuwa ban hana ka ba. Na gaskiya in ka miƙe hannu kan ɗan yatsa ma ya rufe shi, amma duniyar tatsuniya kake ginawa, ka ninka shi sau goma in ka ga dama. Sharaɗin kawai, in ya girma haskensa ma ya girma.

Duwatsun nesa ka bar su da kaifi kamar na kusa. Tuna yadda dutsen Kufena na Zariya yake dusashewa in hazo ya sauka. Saka siririn hazo tsakanin kowane nisa da na gabansa.

Magogi kuma ka rabu da shi. An fitar da Photoshop a 1990, leya ba ta shigo ba sai 1994, kafin nan abin da ka goge ya tafi ke nan. Kai da ka samu mayafin leya, wanda baƙi yake ɓoyewa fari yake bayyanawa, me ya kai ka gogewa?

Ka mayar da fayil ɗin bit 16 kafin ka taɓa sama. A bit 8 mataki 256 kawai kowane launi yake da shi, shi ya sa samanka ya yi zobe-zobe. A ƙarshe yayyafa ɗan tsaki-tsaki a kan komai, don na waya ne kogin, ginin kuma na kyamara, fatarsu ba ɗaya ba ce. In za a buga, a fara gwada ƙarami. Na taɓa kai wa wani mai firinta aikin dare na banar talla, a allo tsaf, ya fito kamar buhun gawayi, ni na biya kuɗin na biyu.

Jibi sha huɗu ga wata. Bayan Isha'i ka fita bakin kogi, ka bar waya a aljihu, ka yi rabin awa kana kallon inda haske ya faɗa da inda bai faɗa ba. Ranar Asabar ka zo da fayil ɗin, kada ka haɗe leyoyin.