Tambaya da Amsa: Na ce na yafe, amma zuciyata ba ta huce ba

TAMBAYA: Mama, salama. Ni 'yar zumuntar mata ce a cocinmu a nan Zuru. Bara muka tara kuɗin ankon Kirsimeti, ni ce ma'aji, sai wata a cikinmu ta tashi a gaban mata ta ce wai na ci kuɗin. Da aka bi lissafi, ko naira ɗaya ba ta ɓata ba. Fasto ya zaunar da mu, ta ba ni haƙuri, na ce na yafe. Amma har yau in na hango ta tana kaɗa tulu sai ƙirjina ya yi nauyi, waƙar ma ta fita raina. Wata 3 ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba, wato cin gurasa da shan ƙoƙon da muke yi a coci don tunawa da mutuwar Yesu. Munafunci nake yi?

AMSA: 'Yata, mai munafunci ba ya rasa barci a kan irin wannan, balle ya rubuto wasiƙa. An kira ki ɓarauniya a bainar jama'a, kuma magana zarar bunu ce. Dole ki ji ciwo.

Sai dai ki lura da abin da Littafi Mai Tsarki yake nufi da zuciya. Mu mun saba ɗaukarta wurin fushi da murna kawai, shi ya sa muke cewa wance ta yi zuciya. A Littafi kuwa nan ne mutum yake tunani, yake ƙulla niyya, yake yanke shawara. Don haka Karin Magana 4:23 ta ce a tsare ta fiye da komai. Da Yesu ya ce a Matiyu 18:35 a yafe daga zuciya, bai ce sai ciwon ya gushe tukuna ba. Ki tambayi kanki: kina yi mata fatan sharri? In ɗanta ya kwanta ciwo cikin dare za ki je? Amsarki ce za ta nuna inda kike, nauyin ƙirjin nan zai iya ɗaukar lokaci.

Ni ma na sha wannan ruwa. Lokacin da muke Yelwa, mun yi wata 8 ba ma magana da wata saboda buhun dawa na baikon godiya. Benci ɗaya, zane iri ɗaya, waƙa ɗaya, amma ko gaisuwa sai dai a ɗaga hannu. Mu a tunaninmu babu wanda ya sani, alhali labarin zuciya a tambayi fuska. Mata suka rabu biyu, masu zuwa gidana da masu zuwa nata, har gaisuwar marasa lafiya ta tsaya. A nan na gane cewa ƙullin mutum biyu yakan zama ciwon ikilisiya duka. Ayyukan Manzanni 4:32 ta ce masu bi na farko zuciyarsu ɗaya ce, amma ki buɗe sura ta 6 ki ga gunaguni a kan rabon abincin gwauraye. Su ma sai da suka zauna suka gyara.

Abin da ban so ba a labarinki shi ne, sulhun naku a gaban fasto aka yi shi kawai. A gaban fasto kowa yana jin nauyi, wa za ta ce ba ta yafe ba? Matiyu 18:15 ta ce ki same ta ku biyu. Zumunta a ƙafa take. Ki je gidanta da yamma, ba ranar Lahadi ba, kada ki ja kowa. Ki gaya mata kalmar da ta fi yi miki zafi. In kina so ta wanke sunanki a gaban matan da ta zarge ki, ki faɗa, hakkinki ne.

Jibi kuwa, 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci. Ba ta ce ya auna ya gudu ba. Ki je wurinta kafin Jibi mai zuwa.

Ni ranar da na je gidan waccan matar ta Yelwa, na tarar da ita tana sussuka. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ɗauki ɗaya taɓaryar. Sai da muka kusa gama turmin sannan ta ce, "Yaya yara?"