Tsohuwar kwamfuta za ta iya zama ma'ajiyar finafinan gida?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko tsohuwar kwamfutarka Dell OptiPlex mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) giga 4 za ta iya riƙe finafinai da hotunan iyali, kowa a gida ya riƙa kallo ta waya ko talabijin. Za ta iya, har da saura. Ka ɗora mata OpenMediaVault, wato manhajar da ke mayar da kwamfuta ma'ajiyar fayiloli, a ƙaramin SSD (faifai mai sauri), faifan ajiya kuma ya zama daban, sannan ka sa manhajar Jellyfin don kallo. Duka kyauta ne. TrueNAS kam, wanda ke yin irin aikin OpenMediaVault, bar shi tukuna, shi aƙalla RAM giga 8 yake nema. Ka jona ta da rauta ta kebul, kallon ba zai ci maka data ba tunda komai cikin gida yake yawo.

Sharaɗin ɗaya ne, wuta. A nan Katsina ka san yadda ake ɗauke ta ba sallama, kuma in ta tafi faifai na tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa. Na ga bidiyon suna da ya tsaya cak a rabi saboda haka, uwar jaririn kuwa ta riga ta goge na wayarta. Don haka kafin ka ƙara faifan ajiya na biyu, fara sayen ƙaramin UPS (na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) mai ramin USB, ka saita shi ya kashe kwamfutar da kanta in batir ya yi ƙasa. In kana da sola da inbata, jona ta can kawai. Hotunan da ba su da madadi kuma ka riƙa kwafe su a wani faifan waje, ka ajiye a durowa.